Jar Motar da Ba Mai Ita

Makka, Sha'aban 1384

Aikin farko yau: ɗaga jar mota a kan jak, a duba sifirin na baya.

Zuwa ga taubashina Kabo, a tashar Funtuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ɗaso da yara. Ka gaida mini Kawu Zali, Allah ya ƙara masa ƙarfi. Mu nan lafiya lau, sai dai uwargida Rumasa'u ta yi fama da haƙori, an cire, yanzu ta koma faɗanta kamar da. Kada layin da ke sama ya ruɗe ka. Na saba duk takardar da na ɗauka da safe sai na fara rubuta aikin da ke gabana, kuma ba ni da wata da zan sake.

Har yanzu ina warshar Shaihu Isa a Mansur, wato garejin da muke gyaran bas-bas na alhazai. Shaihu namu ne, kakansa ya taso daga Haɗeja ya biyo ta Sudan, amma su yanzu 'yan ƙasa ne. Yana da ɗa, Hashimu, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina abinci" ba. Shi ne ya dawo daga karatu a Beirut da wata 'yar jar mota ƙirar Ingila, kujera biyu, ba rufi, gajera har in ka zauna a ciki kana iya shafa ƙasa da hannu.

A bayan Jidda akwai wani fili inda ma'aikatan kamfanoni, Turawa da mutanen Lebanon, ke jera duro-duro ran Juma'a da safe. Mota ɗaya ke shiga, ta yi ta ratsa su kamar maciji, wani na riƙe da agogo. Wanda ya fi sauri bai ture duro ba shi ya ci. Sun raba motocin aji biyu. Aji na ɗaya na motar da take yadda kamfani ya ƙera ta. Aji na biyu na waɗanda aka yi wa ƙari ko ragi, a can kuwa dodanni suke, masu inji kamar na jirgi. Hashimu yana so ya shiga aji na ɗaya a gasar ƙarshe, bayan aikin Hajji, wadda ake ba da kofi.

Ya kawo mini takardar dokokinsu da Turanci. Na karanta ta da abin da ya rage mini na Midil, na sake karantawa don ban yarda da karatun farko ba. An yarda a canza taya in girmanta ɗaya ne, da fulogi, da bakin mai, a gyara birki. An yarda a wanke kafireta, amma ba a faɗaɗa ta. Ba a taɓa inji, ba a ƙara sifirin, ba a cire bamba ko salansa ko kujera don a rage nauyi. Duk abin da ta zo da shi daga kamfani sai an gan shi a wurinsa. Wani injiniya ne ke dubawa kafin a fara, an ce har ƙarƙashi yake shiga da tocila.

Aikinmu a nan kuwa akasin haka ne. Duk motar da ta shigo warsha, hannuna da kansa yake neman ƙara mata ganyen sifirin da kariyar ɗora kaya, don mun san lodin alhazai. Jiya na kama kaina ina auna inda zan huda jar motar.

Ga abin da ya sa nake rubuto maka. Ka san na zo Hajji na zauna, har yau ba ni da iƙama, wato takardar zama. In na hango ɗan sanda sai in tuna akwai abin da na manta a ƙarƙashin bas. Hashimu ya yi mini alkawari, in motar ta wuce dubawa ta shiga aji na ɗaya, zai sa babansa ya tsaya mini, a yi mana takarda ni da iyali. To, babban ganyen sifirin na baya, ta hagu, ya karye a hanyar Jidda. Na sa an duba ko'ina, babu irinsa. In na yi walda za a gani, in na sa na wata mota za a gani. Na san Turawan Kano suna hawan irinta. Don Allah in ka kai lodi Kano ka leƙa wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota a Sabon Gari. Na zana maka shi a bayan takardar nan, da tsawonsa da faɗinsa. Irinsa sak nake so, kada ya fi, kada ya gaza. In an samu sai a ba wani maniyyaci ya taho da shi.

Ina ƙara faɗa, motar ta Hashimu ce, ni gyara kawai nake yi.

Naka,
Hadi Dauda

Funtuwa, watan Azumi

Zuwa ga bawana Hadi, wanda ya gudu Makka don kada ya share mini ƙofar gida.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ɗaso ta sauka, mace, an sa mata Hauwa. Baba yana nan da ƙarfinsa, shekaranjiya ma ya gyara wa ladan kiran salla daga kan buzunsa.

Takardarka ta zo, malamin tasha ya karanta mini ita a gaban mutane. Da ya kai wajen "motar ta Hashimu ce" sai kowa ya fashe da dariya. Hadi, wa kake yi wa wannan? Kakanmu ya rayu ya mutu yana cewa shanun da ke bayan gida na wani Bafillace ne da ya ba shi ajiya, har yau Bafillacen bai zo ba. Ni kaina gingimarin nan da nake ja, ka tambayi kowa a tasha, cewa nake ta wani Alhaji ce a Gusau. Mutumin kirki ba ya cewa nawa ne, saboda baki. Mun gane. Allah ya sanya alheri, ya tsare ta daga ido. Dabarar da ka yi ta sa wa mai motar suna har da uba da kaka ta burge ni, karatu ya yi rana.

Abin da ban gane ba, da arzikinka ka rasa abin saye sai motar mutum biyu? Ko buhun gero ina za ka sa? Kuma ba rufi. Rabin mota aka sayar maka ne, sauran sai baɗi?

Amma Allah ya san abin da yake yi. Baba ya yi niyyar Hajji bana. Abin da ke damunsa tun da ya yi niyya shi ne malaminsa ya karantar da shi cewa mai harami ba ya tafiya a ƙarƙashin rufi, an kuwa ce masa bas-bas ɗinku duk da rufi. Da ya ji ɗan ƙanwarsa na da mota ba rufi sai ya ce, "Ashe yaron nan ya san fiƙihu." Ya ce ka shirya, a cikinta zai je Arfa.

Zancen sifirin kuwa, na ga zanenka. Wannan ai ba sifirin ba ne, wuƙar yankan kuɓewa ce. Dole ya karye. Zan aiko maka da na gaske daga gingimari, ka yanke daidai ka sa, har jikokinka su gada. Turawan da suka ce kada a ƙara ƙarfe, su za su tura ka in ka tsaya a hanya?

Ubangidanka,
Kabo

Makka, Shawwal 1384

Aikin farko yau: wanke kafireta, ba tare da an faɗaɗa komai ba.

Zuwa ga Kabo.

Barka da salla, barka kuma da haihuwa, Allah ya raya Hauwa. Muna lafiya. Ina sanar da kai an hana bauta a ƙasar nan, saboda haka ka nemi wani mai sharar.

Kabo, motar ba tawa ba ce. Na san yadda wannan magana za ta shiga kunnenka, na daɗe ina neman wata hanyar faɗarta ban samu ba. Rumasa'u ta ce in rantse. Na ce Kaka ma rantsewa yake yi. Ta ce to in ce tawa ce, wataƙila sai ku ƙaryata. Na yi ta juya shawararta, na ga in na bi ta kuka kuma gaskata, na yi ƙarya a banza.

Ka yi wa Kawu bayani a hankali. Malamai da yawa a nan sun sauƙaƙa zancen rufin mota, kuma akwai bas-bas da ake yanke wa rufi don masu irin fahimtarsa, zan sama masa wuri a ɗaya. Jar motar nan ko kaza ba ni da ikon ɗauka a ciki.

Aiki yana tafiya. Na sa sababbin fulogi. Tayoyin da na samo girmansu ɗaya da na asali, na auna da zare, na auna da ma'auni, sai na fara shakkar zaren. Hashimu ya zo ya ce in cire safaya da jak, ai nauyi ne. Na nuna masa layin da ya hana. Ya ce da Larabci, "Ya Amm Hadi," wato Baffa Hadi, "wa zai gani?" Na ce mai tocila. Ya ce to in ɗan buɗe salansa ta yi ƙara. Na ce ƙara ba gudu ba ce, kuma layi na gaba ya hana. Ya tafi yana cewa na fi Turawan tsanani. Abin da doka ta bari kawai nake matsa wa: iskar taya, daidaita birki don kada ta ja gefe, da ɗaure duk abin da ya saki.

Akwai wani noti a ƙarƙashin sitiyari da ba na asali ba ne, wani bakanike a Beirut ya sa. Ban sani ba ko noti ɗaya yana cikin abin da suke kira ƙari. Takardar ba ta faɗa ba. Ni ba na son bin hanyar Jidda haka kawai don in tambaya, injiniyan kuma ba Musulmi ba ne balle ya shigo Makka. Na shafa wa notin baƙin mai ya yi kama da 'yan'uwansa, daga baya na ga kamar ha'inci ne, na goge. Yanzu ya fi da ƙyalli.

Kada ka aiko da na gingimari. Ba ƙarfi ake nema ba, kama ake nema. Irin na zanen, don girman Allah.

Hadi

Funtuwa, Zulƙida

Bawana,

Muna lafiya, Hauwa ta fara dariya, da kai take kama in tana kuka.

Takardarka ta biyu ta zo. Da aka karanta wa Baba wajen da ka ce ko kaza ba ka da ikon ɗauka, sai da ya yi ƙwalla. Ya ce, "Jinin Kaka ne. Haka shi ma yake cewa ko nonon shanun ba ya sha." Zancen bas da aka yanke wa rufi kuwa, ya ce ɗansa na da mota ba zai shiga haya ba, kada a sake tayar da maganar.

Na je Sabon Gari. Na samu gawar irin motarka, wani Bature ya kai wa gada gaisuwa da ita. Na cire wuƙar kuɓewar taka na saya, ba don ka sa ba, don kawai ka ajiye ta kusa da na gaske ka ga bambanci ka ji kunya. Na haɗa ta da ganye biyu na gingimari, masu kauri, na ba Baba. Jirginsu zai tashi daga Kano mako mai zuwa.

Ka tare shi da kyau. Yana son kunu da safe, ba ya son gardama kowane lokaci.

Kabo

Makka, Zulhajji 1384

Aikin farko yau: lagireton koriyar bas, yana yoyo.

Zuwa ga Kabo. Wannan takardar Kawu zan ba ya taho maka da ita.

Muna lafiya, Kawu ya sauke farali lafiya, Allah ya karɓa. Rana ta gasa shi, amma ya ce ita ya zo nema.

Na farko, sifirin. A filin jirgin Kano an ce wa Kawu kayansa sun yi nauyi, sai ya bar na gingimarin wajen wani mutum mai fuskar amana. Siririn ya tsira ne don ya naɗe shi a cikin shimfiɗarsa. Na sa shi, ya zauna kamar a nan aka haife shi. Na gode, ko da yake na san ba da niyya ka yi daidai ba.

Kashegarin zuwansa ya ce sai ya ga motar. Na kai shi warsha da farin ciki, don Shaihu Isa na zaune a bakin ƙofa, na ce yau gaskiya za ta fito daga bakin mai ita. Suka gaisa. Kawu ya zagaya motar, ya dawo ya ce, "Malam, jar motar nan ta wa ce?"

Shaihu, wanda shi ya saya wa ɗansa ita, ya dubi ƙasa ya ce, "Ai Alhaji, ba tawa ba ce. Ajiya ce."

Kawu ya juyo ya dube ni ya gyaɗa kai. Na manta Shaihu ma jikan Bahaushe ne.

Ana haka Hashimu ya shigo yana kaɗa makulli. Kawu ya ce, "Wannan ne direban?" Ya ba shi goro, ya ce ya ji tsoron Allah ya riƙe dukiyar maigidansa da amana, kuma ya je ya yi aski. Hashimu ya tambayi babansa da Larabci me tsohon ya ce. Shaihu ya ce, "Ya ce kai za ka kai shi Arfa." Hashimu ya buɗe baki, Shaihu ya ce baƙon Allah ne, a garin nan kuwa ba a musu da baƙon Allah. Na ga Shaihu yana ɓoye dariya a gefen mayafinsa. Da ma bai taɓa son zancen duro-duron nan ba.

Da Kawu ya gwada kujerar sai ya ce kamar an zaunar da shi a daro, gwiwa a haɓa, ya kasa tashi sai da muka ciro shi. Ya ce a fitar da ita. Na kwance ta, na ɗora a ka har ɗakinmu a Nakkasa, na shimfiɗa katako a wurin, aka ɗora buzunsa. Ban huda ko'ina ba. Butarsa da tabarma da igiya na ɗaure su.

Kabo, da ka ga tafiyar nan. Motar da aka ƙera don gudu, ga ta a tsakiyar mutane da raƙuma da bas-bas, ba ta fita daga giya ta ɗaya ba har Arfa. Ina biye da su a bas da garwar ruwa, duk inda lagireto ya tafasa in sauka in zuba. Kawu na zaune tsaf a rana yana Labbaika, yana gyara wa Hashimu tasa. Duk sanda ya ɗan taka mai sai Kawu ya taɓa masa gwiwa ya ce, "A hankali, ba taka ba ce."

A Arfa bayan la'asar Kawu ya kama hannun Shaihu a cikin tanti, ya yi ta yi masa magana yana nuna ni. Kunya ta sa na fita duba lagireton da na riga na duba, saboda haka ban san abin da ya ce ba, ba na kuma son sani.

Yanzu yana hutawa a wajenmu. Ya gano cewa kujerar da ta ƙi shi a mota, in aka jingina ta da bango ba ta da na biyu, a kanta yake karɓar masu zuwa gaishe shi. Ni kuwa na duba kuloci, na wanke lagireto, na kwance igiyoyin. Abin da ya rage kawai mayar da kujera, aikin noti huɗu, na bar shi ƙarshe don shi ya fi sauƙi, kuma ba zan tashi tsoho daga kanta ba. Jibi zai taso. Ba zan samu raka shi ba saboda bas-bas masu mayar da alhazai, Rumasa'u za ta haɗa masa kaya. Gasar kuwa ran Juma'a ta sama ce.

A karo na farko ina jin kamar komai zai tafi daidai, wannan kuwa yana ba ni tsoro.

Hadi

Funtuwa, Muharram

Alhaji bawana,

Baba ya iso lafiya, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, bakinsa ba ya rufuwa. Duk Funtuwa ta ji labarin motarka. Mun gode da dabino da zamzam, amma godiyar da ta fi ita ce ta kujera. An sa ta a zaure, mutane na layi don su zauna a kujerar da ta je Arfa. Wata tsohuwa mai ciwon baya ta zauna sau ɗaya ta ce ta ji sauƙi.

Baba ya ce shi dai ya ce wa Rumasa'u yana son kujerar, ta sunkuyar da kai, ya gane ta yarda. Ya bar maka buzunsa a madadi. Ka san buzun nan na malaminsa ne, ni da ya haifa ko taɓawa ba na yi. Ka yi sa'a.

Ya yaba da wakilinka Isa, ya ce mutum ne mai amana, ka riƙe shi. Direban ne ya ce ka sake, yana da zumɓura baki.

Na je neman ganyayena wajen mai fuskar amana, ba shi ba labarinsa. Wannan tsakanina da kai ne.

Yaya wasan duron? In ka ci kofin ka aiko, Ɗaso na neman abin zuba man shanu.

Kabo

Makka, Safar 1385

Aikin farko yau: amsa wa Kabo, tun da na huce.

Muna lafiya. Na yi murna da Kawu ya isa lafiya.

Kujerar ba ta je Arfa ba. Tana ɗakinmu a jingine har aka gama aikin Hajji. Buzun ne ya je. Ban ce ka faɗa wa mai ciwon baya ba.

Ranar da Kawu ya tafi na dawo na tarar da bango fayau. Na tambayi Rumasa'u, ta ce, "Surukina ne, ya ce yana so. Da wane bakin zan ce a'a? Kai da ka kasa gaya masa motar ba taka ba ce?" Na ce ai na gaya masa. Ta ce, "To, ka ga amfanin faɗa." Kafin in samu mai zuwa Jidda jirgi ya tashi. Na yanko kujerar bas na gwada, ta yi kama da an sa wa jariri rawani, kuma doka ta ce ta asali. Na cire. Hashimu ya ce mu je haka, wataƙila mutumin ba zai lura ba. A kan buzun na zauna har Jidda.

Injiniyan dogo ne, ja, mai gashi a hannu. Ya shiga ƙarƙashi da tocilarsa ya daɗe. Ya fito ya ce sifirin daidai, birki daidai. Ya buɗe kafireta ya ce daidai. Notin Beirut ko kallonsa bai yi ba. Ya ce ya daɗe bai ga motar da aka riƙe da gaskiya kamar wannan ba. Sannan ya miƙe ya leƙa ciki.

Ya ce, "Ina kujera?"

Na tattaro Turancina na ce tana Funtuwa.

Ya ce Funtuwa da nisa ne, ko za a iya ɗauko ta kafin a fara? Na ce da ɗan nisa. Ya ɗaga buzun ya duba ƙarƙashinsa, ya mayar da shi a hankali, ya ce ya yi baƙin ciki, amma motar da aka rage wa nauyi aji na biyu take.

Hashimu ya shiga cikin dodanni. Shi ne na kusa da na ƙarshe, ko da yake bai ture duro ko ɗaya ba, ina jin hanyar Arfa ce ta koya masa kurɗawa. Da muke dawowa, mun yi rabin hanya, sai ya ce, "Aji na ɗaya na ce, ya Amm." Na ce na sani. Da muka iso na haɗa sifanonina wuri ɗaya, ko da za a ce in tafi.

Da safe Shaihu ya kira ni. Ya ce, "Mota ta shiga aji na ɗaya?" Na ce a'a. Ya ce, "To, alkawarin ɗana ya faɗi." Ya zuba shayi ya miƙo mini, na karɓa don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ya ce, "Saura nawa alkawarin."

Ashe abin da Kawu ya gaya masa a tanti shi ne, "Kai ne wakilin yaron nan, kana cin arzikinsa, ka bar shi yana ɓuya a ƙarƙashin bas? Ka ji tsoron Allah ka gyara wa maigidanka takardunsa." Shaihu ya ce, "Ni kuwa na ce masa a kaina da idona. A Arfa, bayan la'asar, ga tsoho da harami yana riƙe da hannuna. Kai da ka yi karatu, akwai hanyar fita daga wannan?" Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma ya duba bai samu ba.

Ran Lahadi ya kai ni ofis da kansa ya sa hannu. An ce wata mai zuwa takardar za ta fito. Da muka fito ya buɗe mini ƙofar motarsa ya ce, "Maigida, a sauke ka a ina?" Har yau haka yake kirana a gaban ma'aikata. Jiya na haɗu da ɗan sanda a Mansur na riga shi sallama. Ya yi mamaki, ni ma na yi.

Ka gaya wa Kawu na gode, buzun yana nan ina salla a kai. Ka gaya wa Ɗaso babu kofi. Hashimu ya ce baɗi sai ya shiga aji na ɗaya, saboda haka ka koma wajen gawar motar nan ta Sabon Gari ka ciro mini kujera. Ba zan ce a dawo da ta zaure ba, na san abin da za a ce. Kada ka aiko da bencin gingimari.

Naka,
Hadi Dauda

Na gobe:
wanke ƙurar filin Jidda daga lagireto
notin Beirut, a cire ko a bari, ban yanke ba
hoton iyali don takarda, Rumasa'u ta ce sai da sabon mayafi
zana wa Kabo kujera, tsawo da faɗi
mayar da makullin jar mota ga mai ita, in an samu wanda ya yarda shi ne